Neman shawara: cikin masu sharhin babur, wa zan gaskata?

Mai tambaya, daga Kano:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara biyu ina tari don in sauka daga kan Boxer in hau babban mashin irin na tsere. Yanzu zuciyata ta rabu tsakanin Kawasaki Ninja 400 da Yamaha R3, duka na hannu. Mako uku ke nan ina ƙona data a YouTube, amma ban ga wanda ya kushe ko ɗaya ba, kowa sai yabo kamar maroƙi a gidan biki. Hatta nauyin mashin ɗin, wannan ya faɗi nasa, wancan ya faɗi daban. Don Allah ta yaya kuke gane mai faɗin gaskiya? Kuɗin nan da gumi na tara su.

Wani ɗan'uwa daga Abuja:
Wa alaikumus salam. Malam, fara duba ranar da aka saki bidiyon, da wurin da aka ɗauke shi. In ka ga mutum goma sun saki nasu rana ɗaya, kan hanya ɗaya mai santsi, to taron ƙaddamarwa ne. Kamfani ne ke gayyatarsu, sau da yawa zuwa Sifen ko Fotugal, irin filin tseren Jerez ko Portimão, ya biya jirgi da otal, ya miƙa musu mashin sabo dal wanda makanikansa suka kwana suna saitawa. Yini ɗaya za su hau su dawo gida. Ban ce ƙarya suke yi ba, amma bakin da ya ci shi ke godiya, kuma wanda ya cika suka ba lalle a sake kiransa baɗi ba. Abin da za ka iya ɗauka a wajensu shi ne yadda zama yake, da yadda birki ke kamawa. Batun ƙarko kuwa, ina mai yini ɗaya zai sani?

Wani daga Zariya:
Ni dai duk 'yan talla ne a wajena. Kashe wayar kawai.

Wata amsa, daga Jos:
Haba yallaɓai, kada mu yi musu kuɗin goro. Akwai masu aunawa da kansu. Mujallar Motorrad ta Jamus takan hau mashin kilomita 50,000, sannan ta kwance injin ɗaiɗai ta nuna abin da ya cinye. Wannan ai ba talla ba ne.

Batun nauyi da ya ruɗa ka: wani yana faɗin nauyin mashin ba mai a ciki, wani kuma da tanki cike. Ninja 400 kilo 168 ne da mansa, kuma tankin lita 14 ne, man kaɗai ya kai kilo 10. Haka ƙarfin doki, wato ma'aunin ƙarfin inji. Na takardar kamfani a jikin inji ake aunawa, wanda ke isa tayar baya bai kai haka ba, don giya da sarƙa suna cin nasu kason. In mutum ya nuna maka allon gudu yana ihu, ka tambaya ko ya gwada da GPS, domin allon mashin yakan ƙara gishiri. Duk mai sharhin da lambobinsa suka yi daidai da takardar kamfani tsaf, karanto maka ya yi.

Bakanike, daga Kaduna:
Ƙanena, ji nan. Su sabo suka hau a ƙasar sanyi, kai tsoho za ka saya ka shiga cunkoson Kano a watan Afrilu, zafin rana ya haura digiri 40. Wancan makon aka kawo mini wani, jiki fes kamar amarya. Da na cire robar gefe, sai ga lagireto ya toshe da ƙura, fanka ba ta juyawa, ƙafar gaba kuma tana zubar da mai har kan birki. An yi masa sabon fenti don a ɓoye faɗuwa, amma ƙarshen hannun birki ya goge da kwalta, shi ya tona asiri. Wane Bature ne zai faɗa maka wannan?

Ka nemi maganar waɗanda suka riƙe mashin shekara biyu ko uku, musamman 'yan Indiya da Indunusiya, zafinsu da ramukansu sun fi kama da namu. In mutum ashirin da ba su san juna ba suka koka da abu ɗaya, to akwai shi. Sannan ka karɓi lambar jikin mashin, mai harafi da lamba 17. A 2016 Yamaha ta janye R3 na farko-farko don gyaran kuloci da famfon man inji, to in daga Amurka aka kawo shi, sa lambar a shafin NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran hanya ta can, ka ga ko akwai gyaran da ba a yi ba.

Mai tambaya:
Allah Ya saka da alheri, wallahi kun buɗe mini ido. Yanzu na kira dillalin R3 ɗin na ce ya turo lambar, sai ya hau kame-kame wai mashin yana gareji, makulli na hannun yaronsa. Oga na Kaduna, in na biya maka kuɗin mota, za ka iya shigowa Kano ranar Asabar mu gan shi tare?

Bakanike:
In sha Allahu. Amma ka gaya masa kada ya tayar da shi kafin mu iso, a sanyaye nake son in ji kukan injin.