Hajiya ta ɓata a Terminus da ke Jos, zauren WhatsApp na dangi ya kama da wuta

Auta: Salamu alaikum. Yau kam sai na amayar da abin da ke raina. Jiya Hajiya ta fita daga Gangare sayen goro, sai a Terminus aka tsince ta tana cigiyar Baba, mutumin da ya shekara 9 a ƙasa. Ku daina cewa gigin tsufa ne. Likita ya ce cutar Alzema ce. Wani furotin, amiloyid, ke taruwa kamar ƙanzo a tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, wani kuma, tau, ya cukuikuye a cikinsu har su mutu. Ma'ajiyar sabon abu suke fara ci, shi ya sa ta manta ta ci tuwo amma tana lissafa ƙawayen aurenta. Ya ce a wasu akwai gado.

Kawu: Gado? Daga wa? Inna ta haura 90 tana riƙe adashen unguwa, ko sisi bai taɓa shige mata ba. Ka iya bakinka, yaro.

Gwaggo: Alhaji, Hajiya dai 'yar'uwarka ce, ciki ɗaya. Kada a waiwayo mu.

Anti Nas: Kawu, a yi haƙuri. Akwai ƙwayar halitta APOE4 da ke ƙara haɗari, amma ba dole mai ita ya kamu ba. Shekaru ne kan gaba, hawan jini da suga suna ƙara haɗarin.

Kawu: Ke ma kin ce halitta. Zagin dai ɗaya ne.

Amarya: Ni fa na ce jifa ne. Tun rigimar kwatar nan da maƙwabciya, Hajiya ta canza.

Anti Nas: A 1906 likita Alzema ya bayyana abin da ya gani a ƙwaƙwalwar wata Bajamushiya. Ita wa ya jefe ta?

Yaya Babba: Tunda an taɓo gado, kuɗin hayar gidan Dilimi wa ke karɓa?

Kawu: Au, nan aka dosa? Da ma na sani.

Gwaggo: A ba shi amsa mana.

Auta: Jama'a, wa zai kwana da Hajiya yau? Ƙofar ma sakatarta ta lalace.

Yaya Babba: A matsayina na admin, ga abin da aka tsayar: Auta ya yi wa manya rashin kunya, ya ba da haƙuri. Maganar jifa ba a kore ta ba. Kawu zai kawo rasit ɗin haya ranar Juma'a. Na rufe zaure.