Me za mu kira "lag" da Hausa?

Jama'a, kalma nake nema. Kana tsakiyar wasa a intanet, ka hango abokin gaba, ka danna harbi, sai bayan an kwantar da kai bindigarka ta tashi. Masu wasa su ce "lag ne". Mu fa, me za mu ce?

Na fara da "jinkiri", kamar kowa. Ba ta yi mini ba. Jinkiri abu ne na awa da kwana, har akan ce wani jinkirin alheri ne, alhali wannan ɗan ɓurɓushin sakan ne kuma babu alherin da ke cikinsa. "Nawa" ta fi kusa da ma'anar, amma a rubuce rigima ce. Gwada tambayar mutum "nawarka nawa ce?" ka ga.

Ina cikin haka na lura cewa kalmar Turancin ce ta ruɗe mu. Ciwo huɗu aka tara aka sa musu suna ɗaya, shi ya sa mutum zai ƙara kuɗin intanet alhali kwamfutarsa ce ta ɗauki zafi.

Na farko shi ne abin da suke auna wa da "ping". Mike Muuss ne ya rubuta wannan 'yar manhaja a 1983, ya sa mata sunan ƙarar na'urar da jirgin ruwa mai nutso ke aika sauti da ita ya saurari dawowarsa. Don haka wani ɗan'uwa ya kawo "amsa-kuwwa". Asalin ya dace ƙwarai, sai dai da yawa in sun ji amsa-kuwwa lasifika ce za ta faɗo musu. Ni na tsaya kan "kai-komo": lokacin da saƙo ke ɗauka ya je saba (kwamfutar da ke ɗauke da wasan) ya dawo, da milisakan (kashi ɗaya cikin dubu na sakan). "Kai-komonka nawa?" "Arba'in." Ya zauna a baki.

Kuma sunan yana koyar da dalili. Haske a cikin wayar gilashi yana gudun kusan kilomita 200,000 a sakan. Ke nan kowace kilomita 1,000 tsakaninka da saba tana cin milisakan 10 zuwa da dawowa, ko da hanya fetal take. Saba mai nisan kilomita 5,000 ba za ta taɓa ba ka ƙasa da 50 ba. Tauraron ɗan'adam irin wanda ke tsaye a nisan kilomita 35,786 kuwa, kai-komonsa ya kai rabin sakan ko fiye. Maganin wannan shi ne ka shiga saitin wasan ka zaɓi yanki mafi kusa. Ƙarin megabit, wato ƙarin saurin intanet, ba ya rage nisa.

Na biyu, abin da suke kira "jitter": lambar ta ƙi zama wuri ɗaya, yanzu 40, anjima 180, sai 55. Na ce "tangal-tangal". Wannan ya fi babban kai-komo ban haushi, domin hannu yakan saba da 120 da ke tsaye cak, amma ba ya sabawa da mai rawa. Galibi daga Wi-Fi ne, musamman zangon 2.4 GHz da na'urori suka yi wa cunkoso, ko wani a kan layin yana ɗora bidiyo. Gwajin ba wuya: a Windows rubuta ping -t da adireshin rautarka, wato na'urar da ke raba intanet a gidanka. Da kebul lambar takan tsaya wajen milisakan 1. In tun a nan ta fara tsalle, kada ka ɗora wa kamfanin intanet laifi, ja kebul ko ka koma 5 GHz.

Na uku "yoyo". Bayanai a ƙunshi-ƙunshi suke tafiya, wasu su zube a hanya. Yawancin wasannin gaggawa suna amfani da UDP, wata hanyar aika bayanai wadda ba ta komawa ɗauko abin da ya faɗi. Alamarsa ita ce ka ruga gaba, sai a fizgo ka baya inda ka baro. Wata 'yar'uwa ta ce a kira wannan fizgar "danƙo", na karɓa hannu bibbiyu.

Na huɗu ba na intanet ba ne sam. Hoto ne ke "cijewa" saboda kwamfuta ta gaza fitar da hotuna 60 a sakan. Kunna wasan ba tare da intanet ba, in ya ci gaba da cijewa, rage ingancin hoto ka duba zafi.

To sunan da zai rufe su duka fa, wanda mutum zai faɗa cikin fushi kafin ya san wanne ne? Wasu sun ce a bar "lag" yadda take, tunda gajera ce. Ni "jan ƙafa" na zaɓa, don tana shiga jimla ba gardama: wasan yana jan ƙafa, jiya ya ja ƙafa.

Saura guda da ta gagare ni. Idan wasa ya nuna maka NAT ɗinka (tsarin da rauta ke bi wajen haɗa na'urorin gida da intanet) a tsuke take, ka kasa haɗuwa da abokanka a ɗakin wasa ɗaya, me za mu ce? Na yi tunanin "ƙofa a kulle", amma ai ba a kulle take ba, kai kana fita, masu neman shigowa ne ake tarewa. Mai kalma ya kawo.