Zan shiga ƙauye da ƙaramar mota, don Allah a ba ni shawara

Mai Corolla: Salam jama'a. Sati mai zuwa akwai ɗaurin auren abokina a wani ƙauye gaba da Gumel, ta wajen Maigatari, an ce daga inda kwalta ta ƙare akwai sauran tafiya a burji da yashi. Ni wallahi ban taɓa sauka daga kwalta ba, ga motar tawa ƙasa take sosai. Me zan tanada?

Tsohon Direba: Wa alaikumus salam. Yashin can ba ya wasa da ƙaramar mota malam. Kafin ka shiga ka ɗan rage iskar taya, ka sa giya ta biyu ka bi sawun motocin kasuwa, kar ka tsaya a tsakiyar yashi, in kuma ta kafe kar ka yi ta taka totur don ƙara binne kanta za ta yi, sauka za ka yi ka tone gaban tayar ka cusa kara ko reshe. Shebur, igiya, famfon ba taya iska da jarkar ruwa su zama a but. In Alhamis ce ka sani ranar kasuwar Maigatari ce, hanya cike take da amalanke da dabbobi.

'Yar Jigawa: Ni dai ƙura zan yi wa magana. 'Yan birni sai su keto gari a guje, ga mata sun yi shanyar gero a bakin hanya, ga yara, su bule komai su wuce. Rage gudu, sauke gilas ka yi wa dattawan gindin bishiya sallama, su ne dai za su turo maka motar in ta maƙale. Garke in ya tare hanya kar ka dame shi da hon, jira makiyayin ya kora. Kuma duk munin hanya kar ka ratsa gonar mutum. Yayana ya taɓa take akuya, ya tsaya ya ba da haƙuri wajen mai unguwa, ko sisi ba su karɓa ba, har fura aka dama masa.

Tsohon Direba: Na manta, kar magariba ta same ka a daji. Kusa da boda sabis na ɗaukewa, wani lokaci ma wayarka ta kama layin Nijar, Google Maps kuma bai san burtali ba. Ka ce ango ya turo mai mashin ya tare ka a bakin kwalta.

Mai Corolla: Na gode ƙwarai. Tawa fa otomatik ce, ya zan yi da maganar giya ta biyun?

Tsohon Direba: Duba ƙasan D, akwai 2 ko L, nan za ka ja ta.