Neman shawara: an ba ɗana macijin Kusugu a wasan makaranta, yaya zan haɗa masa kayan?

Maman 'yan biyu, Daura:
Assalamu alaikum iyayena da 'yan'uwana. Shawara nake nema. Makarantar su 'yan biyuna za ta yi bikin ƙarshen shekara nan da sati biyu, 'yan ajinsu kuma za su yi wasan kwaikwayon Bayajidda. An ba Hassana Daurama, Husaini kuma shi ne Sarki, macijin rijiyar Kusugu. Malamarsu ta ce kowace uwa ta haɗa wa ɗanta kaya a gida. Na Hassana da sauƙi, akwai zanen saƙi na kakarsu. Na Husaini ne ya tsaya mini a rai. Yaron ya ƙwallafa rai a kan abin nan, kullum sai ya tambaye ni ina kan macijinsa. Da me ake yin fuskar, da me ake yin jikin? Ga damina, ga ba ni da kuɗin kashewa da yawa. Don Allah wadda ta taɓa yi ta taimaka mini.

Malamar firamare, Katsina:
Wa alaikumus salam Maman 'yan biyu. Kwantar da hankalinki, kusan duk abin da kike buƙata yana cikin gidanki. Ki nemi balan-balan ki hura shi ya ɗan fi kan yaron girma. Ki dama fulawa kofi 1 da ruwa kofi 2, ki zuba gishiri cokali 1, ya yi kauri kamar kunu. Gishirin yana rage fumfuna, kuma a damina kina buƙatarsa. Sai ki yayyaga tsofaffin jaridu ko takardun littafin da aka gama da shi, faɗin yatsu biyu. Da hannu za ki yaga, kada ki sa almakashi, bakin yagaggiyar takarda ya fi kwanciya. Ki riƙa tsoma su a kullun, ki tsane da yatsu, ki shimfiɗa a jikin balan-balan.

Inda mutane ke ɓata aikin shi ne gaggawa. Shafi ɗaya za ki yi ki bari ya bushe ƙarau kafin ki ƙara wani, har shafi 3 ko 4. Idan kika lafta su gaba ɗaya, waje zai bushe ciki yana da danshi, ya fara wari. Shafin ƙarshe ki yi shi da farar takarda don launi ya fito. Ki rataye shi da zare inda iska ke kaɗawa, kada ki ajiye a ƙasa, ɓera da kyankyaso suna son fulawa. Da ya bushe sai ki fasa balan-balan ɗin, ki yanke siffar da kike so. Bakin maciji kuwa da kwalin taliya za ki yanko shi, sama da ƙasa, ki manna tun a shafi na biyu don takarda ta rufe mahaɗar. Yau ya kamata ki fara, ba jibi ba.

Ma'aikaciyar jinya, Daura:
Malama ta yi bayani mai kyau, amma ni ina roƙon kada a rufe wa yaron fuska gaba ɗaya. Taron makaranta cunkoso ne da zafi, yaro kuma ba zai ce numfashinsa ya yi nauyi ba, don yana tsoron a cire shi daga wasan. Ki yi kan macijin ya zauna masa kamar hula, baki ya yi gaba a saman goshinsa, fuskarsa a buɗe. Zai ga gabansa, kuma za a ji muryarsa idan yana da magana. In makaranta ta dage sai an rufe, to ramin ido ya yi faɗi sosai, a buɗe wajen hanci da baki, kuma a ɗaure da roba mai talewa wadda zai iya cirewa da kansa.

Abu uku nake so ki nisanta. Fentin mai da na feshi, warinsu yana daɗewa a takarda kuma yana sa ciwon kai. Gam mai kama fata nan take, kada ya je kusa da fuska. Sai baƙin cikin batir da yara ke fasawa su shafa, wannan guba ce, ba kwalliya ba. Ki kuma kula da igiya a wuya, duk abin da za a ɗaure a ɗaure shi a kafaɗa ko ƙugu.

Hajiya Kaka:
'Yata, Allah ya raya miki su. Mu da muka taso da tashe ba mu san ana sayen irin waɗannan kaya ba. Da azumi ya kai goma za ki ga yara sun bazu neman tsumma da kara da tsohuwar ƙwarya. Mai yin tsoho ya nemi auduga ya yi gemu, ya cusa tsumma a baya ya yi doro, ya ɗauki sanda. Mai yin malam ya ari babbar riga da allo. Launi kuwa gawayi ne baƙi, farar ƙasa fari, jar ƙasa ja, shuni kuma shuɗi. Ki niƙa su da laushi ki haɗa da ruwan ƙaro, za su kama takarda ba su zube ba. Ƙaro ba ya wuya a wajen masu kayan ƙoli, shi ake sa wa tawadar allo.

In fulawar ta yi miki tsada ki nemi ƙwarya marar nauyi wadda ta shiga kansa, ki sa tsumma a ciki don kada ta ci masa fata. Sai dai a kula da wuta. Auduga da buhu ba sa jira, tartsatsi ɗaya ya ishe su. Ranar da zai gwada kayan kada ya matso kusa da murhu, ko da wasa.

Tela, Ƙofar Ƙaura:
Maman 'yan biyu, ni jikin zan yi magana a kai. Kada ki ɗinka masa buhu ya shiga tun daga wuya har ƙafa, faɗuwa zai yi. Ki bar shi da riga da wando masu launi ɗaya, baƙi ko kore mai duhu. Wutsiyar a yi ta daban: yadi mai araha kamu biyu, a ɗinke shi kamar hannun riga, faɗi a sama siriri a ƙasa, a cusa ƙyallayen da muke zubarwa. Kowane shagon ɗinki kika je za a ba ki su kyauta. Kada ki cusa yashi ko tsumma mai nauyi. A ɗinka mata maɗauri a ƙugu, in zai yi tafiya ya naɗe ta a hannu, in ya zauna cikin rijiya ya zagaye kansa da ita.

Ɓawon jikin maciji kuma ki yanka ƙyalle ƙanana masu siffar ganye, ki jera daga ƙasa zuwa sama kowane yana hawa kan na ƙasansa. Aiki ne mai cin lokaci, don haka a gaban rigar kawai da bayan wutsiya ya isa. Mutanen da ke zaune nesa ba za su ga sauran ba.

Baban Ilham:
Ni tambaya gare ni, ba gyara ba. Yin siffar abu mai rai fa? Gara Maman 'yan biyu ta tuntuɓi malamin da ta amince da shi kafin ta fara, don hankalinta ya kwanta.

Malamar firamare, Katsina:
Baban Ilham, tambayarka a kan hanya take, kuma akwai iyayen da suka taɓa kawo mana ita. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba muna ce masa ya yi hular kawai da zanen ɓawo a jiki, ba ido ba baki, kuma wasan yana tafiya lafiya lau. Yara suna gane maciji tun daga wutsiya.

Wani ɗan Daura mazaunin Kaduna:
Abin ya yi mini daɗi da har yanzu ana koya wa yara labarin nan. Anti, ki kai su Kusugu kafin ranar, tunda kuna gari. In Husaini ya leƙa rijiyar da idonsa zai fi sanin abin da yake kwaikwaya. Ki tuna masa yadda labarin yake: macijin nan ya hana mutanen gari ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, Bayajidda ya sauka a gidan tsohuwa Ayana ya nemi ruwa aka ce babu, ya tafi rijiyar da dare ya sare kan macijin da wuƙar da maƙeran Gaya suka ƙera masa. To kin ga a wasan dole kan ya rabu da jiki. Wannan ya ƙara ƙarfafa shawarar 'yar'uwa ma'aikaciyar jinya: in hula ce, mai yin Bayajidda zai ɗauke ta kawai ya ɗaga sama, ba sai an tsaya kwance igiya a gaban jama'a ba. Ki kuma gaya wa malamarsu takobin Bayajidda ya zama na kwali, a naɗe shi da takarda mai ƙyalli. Kada a bar yaro ya zo da na ƙarfe ko na katako daga gida, yara in wasa ya yi daɗi ba sa auna sara.

Daurama kuma kada a cika mata hoda da jan baki irin na amaren yanzu. Zanen saƙi, ɗaurin kai, kwalli, murjani ko tsakiya a wuya, ya wadatar. Kuma sarauniya ce, a samu yara biyu su tsaya mata a gefe da mafici.

Maman 'yan biyu, Daura:
Allah ya saka muku da alheri, wallahi kun sauke mini nauyi. Na tsaya a kan hular da wutsiyar, kuma zan yi wa malaminmu na Islamiyya magana yau da yamma. Saura abu ɗaya, Malama: hadari yake haɗowa kusan kullum, in shafin bai bushe ba fa? Zan iya kanga shi a bakin wuta?

Malamar firamare, Katsina:
A'a, kada ki kai shi wuta. Zafi yana kumbura balan-balan ya fashe, takardar ta tsage tun ba ta yi ƙarfi ba. Rana mai tsanani ma haka take yi masa, inuwa mai iska ta fi. Ki sa shi gaban fanka in an kawo wuta, ki riƙa juya shi. Ki ƙwanƙwasa da farce, in kin ji ƙara kamar ta ƙwarya ya bushe, in kin ji sanyi a tafin hannunki da saura. In kin ga kwanaki sun ƙure ki tsaya a shafi 3, ki ƙarfafa bakin hular ta ciki da zoben kwali. Launi kuma ki bar shi sai kwana 2 kafin bikin, ki sa Husaini ya shafa da hannunsa, ke ki zana layukan.