Irin barkonon da na saya ya ƙi fitowa, ko matacce aka ba ni?

Mai_Lambun_Bayan_Gida:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar barkono mai zafi. Na yi odar irin Carolina Reaper da na Bhut Jolokia ta intanet, na shuka su a ƙananan robobi rana ɗaya da tattasai. Tattasan har ya yi ganye, su kuwa shiru kake ji, ga shi ana shiga sati na uku. Kullum ina ba su ruwa safe da yamma, kuma a ɗaki suke, kusa da taga. Shin in zubar in sake, ko in ƙara haƙuri? Sannan a ina mutum zai samu iri na gaskiya? Mai sayarwar har ya yi min tallar Pepper X, ina ta tunanin ko in saya.

Tsohon_Manomi:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kada ka zubar. Waɗannan biyun dangin attaruhu ne, kuma duk danginsu akwai nawa wajen tsira. Tattasai kan fito cikin sati ɗaya zuwa biyu, amma su sai su kai sati uku, huɗu, wani lokaci har shida.

Abin da ya fi damuna a bayaninka shi ne ruwan safe da yamma. Iri danshi yake so, idan ƙasar ta jiƙe sharkaf iska ba ta isa gare shi, sai ya ruɓe a ciki. Taɓa ƙasar da yatsa, in da sanyin danshi ka ƙyale ta. Ka duba kuma ko robobin suna da huji a ƙasa.

Sai maganar ɗumi, wadda ita ce babba. Irin nan yana son ƙasa mai ɗumin digiri 25 zuwa 30 na ma'aunin Selsiyus, dare da rana. Bakin taga da rana lafiya lau, da dare kuwa nan ne ya fi ko'ina sanyi a ɗakin. Kafin ya tsiro ba ruwansa da haske, ka matsar da shi wuri mai ɗumi. Zurfin rami kuma rabin santimita ya isa. Wanda aka binne da zurfi ƙarfinsa kan ƙare tun bai leƙo ba.

Uwar_Furanni:
Baba ya faɗi gaskiya, sai dai ni ba na son zaman jira ido rufe. Idan akwai sauran iri a fakitin, ɗauki kaɗan ka shimfiɗa a tishu mai danshi, ka ninke, ka sa a leda mai zif, ka ajiye a wuri mai ɗumi. Kana dubawa lokaci-lokaci. Da zarar ka ga farar saiwa ta leƙo, ka ɗauke shi a hankali ka sa a ƙasa, kada ka bari saiwar ta shige cikin tishun, don wajen cirewa take karyewa. Ta haka za ka san ko irin yana da rai.

Kan Pepper X kuwa, ɗan'uwa, riƙe kuɗinka. Ed Currie na South Carolina a Amurka, wanda ya samar da Reaper ɗin, shi ya samar da Pepper X, kuma a 2023 da Guinness, mai kundin bajinta na duniya, ta ba barkonon kambun barkonon da ya fi zafi a duniya, da maki sama da miliyan 2.6 a ma'aunin Scoville, bai saki irinsa kasuwa ba. To shi mai tallar a ina ya samo? Ƙwayar barkono duk kamarsu ɗaya, sai bayan watanni, shuka ta yi 'ya'ya, sannan za ka san me aka ba ka. Ka nemi mai sayar da iri da ke rubuta sunan nau'in da shekarar da aka ɗebe shi, don irin barkono kan fara rauni bayan shekara biyu zuwa huɗu.

Ɗan_Yaji:
Ni fa na fi yarda da irin da na ciro da hannuna. In ka samu ɗanyen barkonon da ya nuna sosai, ka tsaga, ka shanya ƙwayar a inuwa har ta bushe ƙayau. Kore bai ƙosa ba, wanda aka busar da wuta kuma galibi ya mutu. Ka sa safar hannu, domin zafin yana jikin farar tsokar da ƙwayoyin ke maƙale da ita, kuma ba ya fita da ruwa kawai. Kada ka kuskura ka shafa ido.

Uwar_Furanni:
@Ɗan_Yaji, da sharaɗi dai. In uwar shukar irin aure ce, wato an haɗa nau'i biyu aka same ta, mai alamar F1, 'ya'yan ba lalle su biyo ta ba. Haka in an shuka nau'i biyu kusa da juna, ƙudan zuma na iya haɗa su, sai ka shuka abu ɗaya wani daban ya fito.

Mai_Lambun_Bayan_Gida:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na ɗauke robobin daga taga, na rage ruwa, sauran irin kuma yana cikin tishu. Baba, idan sun fito, ganye nawa zan jira kafin dashe?

Tsohon_Manomi:
Ganye biyun farko ba a lissafa su. Ka bari na gaskiya su kai huɗu zuwa shida. Amma ranar da ka ga kai ya ɓullo, a ranar za ka kai shi haske sosai, in ba haka ba zai yi tsawo siriri ya kwanta.