Ɗigon jini kafin lokaci, ga al'ada kuma ta yi jinkiri

Amaryar Pantami: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Al'adata takan zo duk bayan kwana 28 zuwa 30, ba ta cika saɓawa ba. A wannan watan, saura kamar mako guda lokacinta ya yi, sai na ga ɗan ɗigon jini mai launin ƙasa-ƙasa wanda ko auduga bai ɓata ba, ya yi kwana biyu ya ɗauke. Yanzu lokacin ya gota da kwana huɗu shiru, sai nauyin mara da ciwon kan nono. Maƙwabciyata ta ce sanyi ne, in je kemis a ba ni maganin da zai wanko jinin. In sha ne, ko in dakata?

Maman Biyu: Wa alaikumus salam. Amarya, fara tanadin tsamiya da goruba kawai, Allah Ya inganta.

Anti Nas: Ƙanwata, kada ki sha komai sai kin yi gwajin ciki. Ɗigon da ake gani idan ƙwai ya fita yakan zo ne kimanin kwana 14 kafin al'ada ta gaba, shi kuwa wanda wasu mata kan gani lokacin da ciki ke kama bangon mahaifa yakan biyo bayan wancan da kwana 6 zuwa 12, saboda haka naki ya fi kusa da na biyun. Amma launin jini da ciwon nono ba sa tabbatar da komai, domin mai jiran al'ada ma tana jin su. Ki sayi tsinken gwaji, ki gwada da fitsarin farko na asuba, ki karanta a cikin mintunan da aka rubuta a jikin takardarsa. Layi biyu, ko da na biyun bai fito sosai ba, ciki ne. Idan layi ɗaya ne kuma jinin bai zo ba, ki maimaita bayan mako guda.

Hajiyar Bolari: Amarya, ki riƙe maganar Anti da hannu biyu, ni ganau ce. Na taɓa yin ɓatan wata ina ganin ɗigo baƙi-baƙi kamar tukar shayi, yau ya zo gobe ya ɗauke, sai wani mai kemis ya haɗa mini ƙwayoyi a farar leda ba tare da ya tambaye ni ko na yi gwaji ba, ya ce jini ne ya taru. Ina sha ina jin ciwo a gefen marata na dama, ina cewa maganin ne ke aiki. Wani dare ciwon ya haura har ƙarshen kafaɗata, na tashi zan shiga bayan gida jiri ya kwashe ni a tsakar gida, abokiyar zamana ce ta ji faɗuwar buta ta fito. Ashe cikin a bututun mahaifa ya zauna, ya fashe, jini yana zuba ta ciki. Tiyata aka yi mini a daren, aka cire bututun, aka yi mini ƙarin jini. Na haihu bayan haka da ikon Allah, amma duk wadda ta yi ɓatan wata tana ɗigo da ciwon gefe ɗaya ko jiri, ta nufi asibiti ko da tsakar dare ne.

Maman Biyu: Innalillahi, sannu Hajiya. Allah Ya saka wa abokiyar zaman nan da alheri, irinsu sun yi ƙaranci.

Uwargidan Kumo: Ni tambayata ita ce salla. A kwana biyun da ta ga ɗigon, ajiye salla ya kamata ta yi ko ci gaba?

Maman Biyu: Ai ɗigo ba haila ba ne, tsarki kawai za ta yi ta ci gaba da sallarta.

Malama: Maman Biyu, a bi a hankali da fatawa. A mazhabar Malikiyya ko sau ɗaya jini ya fito ana iya lissafa shi haila a babin ibada, mafi ƙarancin tsarki tsakanin haila biyu kwana 15 ne, kuma mai ciki ma tana iya ganin haila. Sai ta lissafa kwanakin tsarkinta ta kai wa malaminta na Islamiyya.

Maman Biyu: To Malama, mu a namu karatun ba haka aka faɗa mana ba.

Uwargidan Kumo: Ni kuma tun da aka saka mini ashanar hannu ta tsarin iyali nake wannan ɗige-ɗigen, wani watan ma babu al'adar sam. Ita ma matsala ce?

Anti Nas: Yaya, ashana da allurar wata uku sun saba rikita al'ada, haka ma shayarwa, damuwa da doguwar jinya. Idan ya yi yawa, ko yana zuwa bayan kwanciyar aure, ki koma inda aka saka miki a duba bakin mahaifa.

Amaryar Pantami: Na gode ƙwarai. To ba gara in je a yi mini sikanin gobe in huta da zullumi ba?

Anti Nas: Ya yi wuri, za ki kashe kuɗi ki ƙaro wa kanki tashin hankali. Bugun zuciyar ɗan tayi ba ya fara bayyana sai wajen mako 6 zuwa 7, ana ƙirgawa daga ranar farko ta al'adar ƙarshe. Abin da za ki fara tun yau shi ne shan ƙwayar bitamin ta folik asid, maikirogiram 400 kullum. Idan kuwa irin ciwon da Hajiya ta faɗa ya zo, ko jini mai yawa, ki wuce Asibitin Koyarwa na Tarayya ko na Ƙwararru nan take.

Hajiyar Bolari: Kuma ki faɗa wa maigidanki tun yanzu, domin ya san abin da ake ciki idan dare ya yi.

Maman Biyu: Maigida dai, amma ban da dangin miji sai ya kai wata uku.

Malama: Maman Biyu, har yanzu ina jiran ki faɗa mini littafin da aka karantar da ku.