Waya na yanke hulɗa da kyamara ana tsakiyar ɗaukar taimlas, ina mafita?

Sadik_Agege:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu harkar hoto. Dan Allah ina neman taimako. Ina da Canon EOS 2000D, inaso in yi taimlas (wato a ɗauki hotuna da yawa a jere da tazara, a haɗa su su zama bidiyo mai gudu) na gosulon gadar Third Mainland ta Legas daga saman benen wani abokina ta wajen Adekunle, tun da sauran hasken yamma har fitilun motoci su fito bayan magariba. Na sauke wata manhaja mai ƙirga lokaci a wayata ta Android, na haɗa su ta waifai, na sa hoto ɗaya duk sakan 4. Da farko lafiya lau sai ka ji tas, tas, tas, amma da na sa wayar a aljihu ko aka kira ni sai in dawo in tarar komai ya tsaya, wani lokacin ma wayar na hannuna sai kawai ta ce babu kyamara. Kuma in duhu ya fara shiga tana tsallake hotuna, bidiyon sai ya riƙa tsalle. Wayar ce ko kyamarar? Wanda ya sani ya taimaka don Allah.

Bala_Computer_Village:
Wa alaikumussalam. Malam Sadik kyamararka lafiyarta ƙalau, setin waya ne, kullum sai an kawo mana irin wannan a shago. Waifai ɗin da kyamara ke bayarwa babu intanet a cikinsa, ita kuma Android da ta leƙa ta ga babu intanet sai ta ce wannan layin banza ne ta koma kan data ko ta kama wani waifai da ta sani a kusa, to nan ne hulɗar ke yankewa. Kafin ka fara ka sa wayar a yanayin jirgin sama sannan ka kunna waifai shi kaɗai, ka ga ka huta da data ka huta da masu kira. In ta tambaye ka ko ta zauna a kan layin duk da babu intanet kace eh. In kana da VPN kashe shi, yana hana manhajar ganin kyamara gaba ɗaya.

Sai maganar aljihu. Wayoyin nan da sikirin ya mutu sai su fara kashe manhajojin da ke aiki a baya wai suna tattalin batir, musamman masu zuwa da manhajar share-share a ciki. Shiga setin na batir ka cire wa manhajar takunkumi, ka kulle ta a jerin waɗanda ka buɗe, ka sa sikirin kar ya mutu, ka jona wayar a fawa bank. Ka kuma duba ka ba ta izinin lokeshan da na na'urorin kusa, don Android bata barin manhaja ta nemo waifai in babu su. A kyamarar ma akwai inda take kashe kanta in an daɗe ba a taɓa ta ba, cire shi.

Hajiya_Mai_Hoto:
Duk abinda Bala ya faɗa gaskiya ne amma ni dai Sadik ƙanena shawarata ka daina ba waya aikin ƙirga. Ko ka gyara setin duka, wurin da kake nan gidaje ne a cunkushe kowa da rauta ko mifi ɗinsa, kuma kyamarar a 2.4GHz take magana inda kowa yake, dole wata rana ta yanke, kuma magaribar Legas bata jira, rana na faɗuwa kafin kace me duhu ya rufe, in ta yanke maka minti biyu a daidai nan sai gobe kuma.

Ka nemi rimot mai igiya wanda ake cewa intabalomita, shi zai riƙa ɗaukar maka hoto a tazarar da ka sa. A gefen kyamararka in ka ɗaga robar nan akwai ɗan rami na 2.5mm, irin wanda rimot RS-60E3 ke shiga, kace wa mai shago irin wannan bakin kake so don na manyan Canon bakinsa daban ne. Yawancinsu batir AAA biyu suke ci, ka sa tazara, ka sa adadin hotuna, ka danna, shikenan ka je kayi sallarka ka dawo yana aiki. Wayar ka bar ta don duba firem da fokas kafin ka fara kawai.

Tsallaken da kake gani in duhu ya yi kuwa ba waifai bane. Nasan a kan oto ko Av kake, inda kyamara ke zaɓar tsawon shota da kanta (wato lokacin da take buɗewa haske ya shiga), to duhu na ƙaruwa kyamara na tsawaita shota, daga ɗan ƙiftawa ta koma sakan 2, sakan 3. Sannan in ka kunna rage hayaniyar doguwar shota (hayaniya wato ɗige-ɗigen da ke fitowa a hoton duhu), wadda ke aiki daga sakan 1 zuwa sama, bayan kowane hoto sai ta sake ɗaukar wani baƙi mai tsawon na farko. Kaga sakan 3 ya zama 6, kai kuma kace duk sakan 4, umarni ya zo tana cikin aiki sai ta share shi. Kashe wannan, ka kashe nuna hoto bayan ɗauka, kuma in manhajar na jawo kowane hoto zuwa waya hana ta, RAW ɗaya (wato ɗanyen hoton da kyamara bata sarrafa ba) na megafiksel 24 ya kai wajen 30MB, ta waifai ai sai an jira. Fokas ka mai da shi na hannu ka kafe shi a kan gadar, in ba haka ba cikin duhu lens zai ta gaba da baya yana nema kuma ba zata ɗauka ba sai ta samu. Farin haske ma (white balance, setin launin haske) ka tsayar da shi guri ɗaya, IS na jikin lens mai rage girgizar hannu ka kashe tunda kan ƙafar kyamara (tripod) take.

Sadik_Agege:
Allah ya saka da alheri Hajiya, wlh a kan Av nake kuma rage hayaniyar a kunne take. Oga Bala na gwada yanayin jirgin sama a ɗaki yanzu, har na gaji na tsayar bata yanke ba. To amma Hajiya in na koma M, inda ni zan saita komai da hannu, ya zanyi da hasken da ke canzawa? Kuma batir ɗaya zai kai ni awa guda?

Hajiya_Mai_Hoto:
Yi lissafi mana. Awa ɗaya a sakan 4 hoto 900 kenan, in ka jera su 25 a sakan ka samu bidiyon sakan 36, kuma memori zai ci wajen 27GB in RAW ne, don haka kar ka hau bene da katin 16GB. Batir LP-E10 a takarda kusan hoto 500 ne, in sikirin da waifai na kunne bazai kai nan ba, shiyasa ma nace rimot mai igiya. Haske kuwa mai sauƙi ka raba aikin biyu, ɗaya kafin faɗuwar rana ɗaya bayan fitilu sun kama, kowanne a M, ka haɗa su wurin editin. Mai son guda ɗaya tiryan sai ya zauna kusa yana ƙara shota kaɗan kaɗan tsakanin hotuna ba tare da ya girgiza kyamara ba, daga baya ya daidaita hasken da manhajar kwamfuta LRTimelapse, amma wannan sai hannu ya faɗa.

Dan_Idi_Araba:
Ƙari kaɗan. Akwai batirin bogi mai igiya da ake sawa a gurbin batir ya jawo wuta daga waje, samfurin DR-E10, wasu na zuwa da kebul na USB mai ɗaga 5V na fawa bank zuwa abinda kyamara ke so, Bala zai san inda ake samu a Ikeja. Sai dai ka gwada a gida tukun, wasu fawa bank in suka ga ba a jan wuta sosai kashe kansu suke. In kuma ka dage sai waya, haɗa ta da kebul na OTG (mai jona waya da kyamara ta USB) da manhaja irin qDslrDashboard, amma sai ka kashe waifai a menun kyamara, in yana kunne ramin USB baya aiki. Sannan iskar lagun da yamma ba wasa, rataya jakarka a tsakiyar ƙafar kyamarar tayi nauyi, kuma in daga mota mai AC ka fito ka bar ta cikin jaka ta ɗan sha iska kafin ka buɗe lens, in ba haka ba raɓa zata rufe gilashin.

Bala_Computer_Village:
Batirin bogin akwai shi, rimot ɗin ma akwai. Malam Sadik in zaka shigo ka taho da kyamarar a gwada bakin a gabanka, don 'yan kasuwa da yawa kowane rami 2.5mm ne a wurinsu.